Gargaɗi ga Masu Mota: Batirin Rimot Yana Kashe Yara

Jama'a, duk mai motar da ake buɗewa da rimot ya saurara, ya kuma isar wa matan gidansa. Ɗan batirin nan zagayayye mai sheƙi da ke cikin makullin mota, wanda ake canzawa wurin mai gyaran agogo ko mai yankan makulli, idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale masa a maƙoshi, cikin awa 2 zai iya ƙona masa nama.

Da yawa daga cikin rimot ɗin Toyota da Honda da ire-irensu suna aiki ne da batir mai lamba CR2032 ko CR2025 ko CR2016. Dukkansu faɗinsu milimita 20 ne, ƙarfinsu bolt 3. Wannan faɗin shi ne bala'in, domin ya fi ƙarfin maƙoshin ƙaramin yaro, sai ya tsaya a hanya bai kai ciki ba. Mutane suna zaton sai batir ya fashe yake cutarwa. Ba ya bukatar fashewa. Da zarar yawu ya jiƙa shi, wutar da ke cikinsa ta fara gudana, sai a samu sinadari irin na sodar yin sabulu yana cin naman wurin. Ƙunar tana iya huda maƙoshi ta shiga hanyar numfashi, ko ta kai ga babbar jijiyar jini da ke fitowa daga zuciya, kuma idan ta kai nan da wuya a ceto yaro.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsohon batir. Maigida ya sayo sabo, ya zauna a tabarma ya ɓalle rimot, ya sa, ya jefar da tsohon a tsakar gida ko ya bar shi a aljihun mota, wai ai ya mutu. Batirin da ya kasa buɗe mota yana da sauran wutar da za ta ƙona maƙoshi. Ga kuma ɗabi'ar miƙa wa jariri makulli ya yi wasa don ya daina kuka, alhali rimot da yawa sun tsage, an ɗaure su da roba ko salatif, faɗuwa ɗaya ta isa su watse. A Amurka sai da aka kafa doka a 2022, mai suna Reese's Law, bayan mutuwar wata yarinya 'yar wata 18, don tilasta wa kamfanoni su riƙa rufe gidan batir yadda yaro ba zai iya buɗewa ba. Ostareliya ma ta fara aiki da irin wannan ƙa'ida a shekarar. Mu a nan, a kasuwa ake yanko ƙwaya ɗaya daga kwali a miƙo maka, don haka tsaron yana hannunmu.

Idan za ka canza batir, ka yi a kan tebur, ba yara a kusa. Zare ɗan makullin ƙarfe da ke jikin rimot ɗin, ka buɗe murfin a hankali, ka duba lambar tsohon da ɓangaren da alamar + take kallo. Kafin ka taɓa sabon, ka naɗe tsohon da salatif gaba da baya, ka fitar da shi daga gidan. Ka danne murfin har sai ya kama sosai. Rimot ɗin da ya tsage, a sake masa gida.

In kuwa ana zargin yaro ya haɗiye batir, ko da ba wanda ya gani, a tafi babban asibiti nan take, inda ake ɗaukar hoton ƙirji, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Kada a tsaya a kemis, kada a jira safiya. Kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a ba shi abinci. Abu guda likitoci suka yarda da shi a kan hanya: zuma, cokalin shayi 2 duk bayan minti 10, har sau 6, ga yaron da ya cika shekara 1, yana iya haɗiya, kuma abin bai wuce awa 12 da faruwa ba. Zumar tana rage ƙunar ne kawai, ba ta fitar da batirin, saboda haka kada neman ta ya jinkirta tafiya. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma.

Da isa, a faɗa wa likita ƙarara cewa batir ake zargi, domin a hoto yana kama da kwabo, kuma kwabo ana iya jinkirta cire shi. Alamomin haɗiye batir suna ruɗarwa: dalalar da yawu, ƙin cin abinci, amai, tari, kukan da ba a san dalilinsa ba. Rimot a buɗe ba batir, ga yaro da waɗannan alamu, ya isa hujja. Wanda ya cusa shi a hanci ko kunne ma gaggawar ɗaya ce. Ko bayan an cire, ƙunar tana iya ci gaba na kwanaki ko makonni, don haka idan aka ga aman jini ko baƙin kashi, a koma asibiti a take.