Auna Ingancin Wayar Lantarki Kafin a Karɓi Aiki Daga Hannun Ɗan Kwangila

A ayyukan rijiyoyin burtsatse, da sanya wuta a ɗakunan shan magani da makarantun karkara, sau da yawa abin da ake dubawa ranar karɓar aiki shi ne ko ƙwai ya kama, ko famfo ya kawo ruwa. Wannan bai wadatar ba. Waya marar inganci takan yi aiki a ranar farko, sai bayan 'yan watanni ta riƙa zafi, injin tura ruwa ya ƙone, wani lokaci ma a samu gobara. Domin haka muke jawo hankalin jami'an sashen ayyuka na ƙananan hukumomi da kwamitocin unguwanni ga yadda ake gwada waya, da kurakuran da kan ɓata sakamakon gwajin.

Kowace waya tana yin turjiya ga wutar da ke bi ta cikinta, ana kuma auna turjiyar da ma'aunin da ake kira om. Wutar gidajenmu, mai ƙarfin bolt 230, tana sauya alkibla tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka akwai wata ƙarin turjiya da maganaɗisun da ke kewaye da wayar ke haifarwa. Jimlar biyun ita injiniyoyi ke kira impidans. A ƙananan wayoyi, har zuwa kaurin milimita murabba'i 16, ƙarin bai taka kara ya karya ba, don haka turjiyar ƙarfen kanta ita ce abin lura.

Bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa, wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5 ba za ta wuce om 7.41 a kilomita ɗaya ba, idan zafi yana digiri 20. Ke nan nadi mai mita 100 zai nuna kimanin om 0.74. Nan ne matsalar take. Igiyoyi biyun da ke jikin na'urar awo ta hannu suna da tasu turjiyar, wadda kan kai om 0.2, ko fiye idan bakinsu ya yi tsatsa. Mai gwajin da bai cire wannan ba zai ga kusan om 1, ya yanke wa waya mai kyau hukuncin jabu. Maganin farko shi ne a haɗa bakin igiyoyin biyu, a mayar da na'urar sifili, a kankare bakin wayar har ya yi haske, sannan a matse mahaɗin sosai.

Hanyar da ta fi wannan ita ce awo da igiyoyi huɗu, wadda ake jingina wa masanin nan na Birtaniya, Lord Kelvin, tun ƙarni na 19. Igiyoyi biyu na tura wuta cikin wayar, sauran biyun kuwa, waɗanda ake maƙalawa daga ciki, suna karanta raguwar ƙarfin wutar ne kawai. Da yake kusan babu wutar da ke bi ta igiyoyin karatun, turjiyarsu ba ta shiga lissafi. A ganinmu, duk kwangilar da ta ƙunshi kebul mai kauri ta cancanci wannan gwaji, domin a irin wannan kebul turjiyar igiyoyin awo takan fi ta kebul ɗin kansa.

Sai batun zafi, wanda aka fi mantawa da shi. Turjiyar jan ƙarfe na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a kowane ƙarin digiri 10. Nadin da ya wuni cikin rana a watan Afrilu, ya kai digiri 40, zai nuna om 0.80 alhali lafiyarsa ƙalau. A ajiye wayar a inuwa har ta huce, a rubuta zafin wurin tare da sakamakon.

Haka nan a tabbatar da tsawon nadin da tef. Yadi 100 bai kai mita 92 ba, kuma gajeren nadi yakan ɓoye siririn ƙarfe, tunda rashin tsawon na rage adadin da na'ura ke nunawa. Idan tsawo ya cika amma aka ga kimanin om 1.2, akwai alamar alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. A kankare bakin a ga ko cikinsa fari ne. Bambancin ba ƙarami ba ne. Injin da ke jan amfiya 10 a nisan mita 100 zai rasa kusan bolt 15 a wayar kirki, amma kusan bolt 24 a irin waccan.

Gwaji na biyu na robar da ta lulluɓe wayar ne, da na'urar da masu aikin wuta ke kira mega. Ana sa ta a bolt 500, kuma sakamakon bai kamata ya gaza om miliyan 1 ba. Sabuwar waya takan wuce haka nesa. Lallai ne a kashe wuta, a cire injin famfo da na'urorin sola tukuna, domin mega na iya lalata su. A share ƙura da danshi daga bakin wayar, a jira minti ɗaya kafin a karanta, bayan an gama kuma a sauke ragowar wutar zuwa ƙasa kafin kowa ya taɓa. Kebul ɗin da za a binne a gwada shi sau biyu: kafin a shimfiɗa shi, da kuma bayan an mayar da ƙasa.

Hukumar SON ce ke kula da ingancin wayoyin da ake sayarwa a kasuwa, yayin da hukumar NEMSA, wadda dokar shekarar 2015 ta kafa, ke duba ayyukan sanya lantarki. Muna shawartar jami'ai su nemi takardar sakamakon gwaji mai ɗauke da kaurin waya, tsawonta, zafin wurin, irin na'urar da aka yi amfani da ita da sa hannun mai gwajin, a ajiye ta a fayil ɗin kwangilar kafin a biya kuɗin ƙarshe.