Me ya sa ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suke ɓacewa a tsofaffin kwamfutoci?

'Yan uwa Hausawa mazauna Miskine da Kilomita Biyar a birnin Bangui, duk wanda ya taɓa kai sanarwar masallaci ko darasin Islamiyya shagon buga takardu zai iya cin karo da wannan matsala. Faransanci ya fito tsaf, Sango ma haka, amma da aka zo kan Hausa sai ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suka koma akwatuna ko alamar tambaya. Wasu masu bugawa kuma sai su sa k, d, b kawai su huta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lanƙwasa ɗaya ce ta raba "baki" da "baƙi", ita ce kuma tsakanin "Allah ya kare mu" da "Allah ya ƙare mu".

Tushen matsalar shi ne, Windows 95, 98 da Me sun dogara ne da ƙaramin jadawalin haruffa mai gurbi 256 kacal. Wanda ake amfani da shi a ƙasashe masu Faransanci, wato Windows-1252, an tsara shi ne don harsunan Yammacin Turai. Sango ya tsira saboda alamomin da yake ɗorawa kan wasula, kamar â da ä, suna cikin jadawalin. Haruffanmu masu lanƙwasa ba su samu gurbi ba. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa, har da namu. Windows 2000 da XP an gina su a kansa, sai dai tsofaffin manhajoji da yawa sun ci gaba da bin tsohon jadawali.

Alamomin cutar uku ne. Idan akwati ka gani, harafin yana nan lafiya, zubin rubutun da aka zaɓa ne ba shi da shi. Sai a canja zuwa Lucida Sans Unicode, ko a saka Charis SIL wanda kyauta ne. Idan ka ga tarkace irin Æ™ a madadin ƙ, an buɗe fayil ɗin ne da jadawalin da ba nasa ba, sai a sake buɗe shi da UTF-8. Amma idan alamar tambaya ce, an adana rubutun da tsarin ANSI, harafin ya tafi, sai an sake bugawa. Don haka mai amfani da Notepad a XP ko Windows 7 ya riƙa zaɓar UTF-8 kafin ya adana.

Allon madannai na AZERTY ba shi da waɗannan haruffa. Windows 7 ya zo da tsarin madannan Hausa da ake kunnawa a saitin harshe, masu XP kuma suna iya neman tsohon nau'in manhajar Keyman. Masu Ajami akwai zubin Alkalami da Harmattan, amma suna iya ƙin zama daidai a tsohuwar manhaja.

Kafin a kai takarda wani shago, a mayar da ita PDF, don haruffan su tafi yadda aka buga su. A kuma tuna Microsoft ya daina kula da XP tun Afrilun 2014, Windows 7 kuma tun Janairun 2020, don haka a ajiye kwafin huɗubobi da darussa a wani wuri dabam.

Allah Ya sa mu dace.