Garin da ke cin galura idan rana ta taɓa shi

Tun wajen shekara ɗari da suka wuce masu sana'ar fenti a Turai suka lura da wani abu mai ba su haushi. Idan aka shafa wa bango farin fenti da aka haɗa da sinadarin titaniyam dayoksaid, rana ta daɗe tana dukansa, sai fentin ya fara zama gari, ka shafa hannu ka ga fari fat a tafinka. Garin titaniyam dayoksaid ɗin ne da kansa, da taimakon rana, yake cinye man da ya riƙe shi a jikin bango. A 1938 wasu masana biyu a Ingila suka nuna cewa garin nan yana kashe launin galura idan aka haska shi. A lokacin an ɗauke shi a matsayin aibi ne kawai, masu fenti suka duƙufa neman yadda za su hana shi. Yau kuwa wannan aibin ne masu bincike suke son ƙara wa ƙarfi, domin su wanke ruwan da masana'antun rini ke zubarwa.

Sai a 1972 lamarin ya ɗauki wani salo, lokacin da Akira Fujishima da malaminsa Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo a Japan suka wallafa binciken da ya nuna cewa titaniyam dayoksaid da haske suna iya raba ruwa, iskar oksijin ta fita gefe, haidirojin gefe. Su makamashi suke nema. Amma kafin shekarun 1970 su ƙare wasu sun gwada garin a kan guba, ciki har da sayanaid, suka ga yana rusa ta.

Yadda abin yake aiki bai fi ƙarfin fahimta ba. A cikin kowace ƙwayar garin akwai elektiron da ke zaune a wurinsu. Idan haske mai isasshen ƙarfi ya faɗo, sai ya tunkuɗa elektiron ɗaya sama, ya bar gurbi. Gurbin nan mayunwaci ne, yakan fizgi elektiron daga ruwan da ke manne da ƙwayar, sai a samu wani ɓarɓashin sinadari da ake kira haidiroksil, wanda ba ya daɗewa ko na ƙiftawar ido amma duk abin da ya taɓa sai ya yage shi. Shi kuma elektiron ɗin da aka tunkuɗa yakan haɗu da oksijin ɗin da ke cikin ruwa ya ba da wani mai yagar na biyu. Su biyun suke far wa ƙwayar galura, su tsinka ta gunduwa-gunduwa, idan aikin ya kai ƙarshe ba a bar komai sai ruwa da iskar kabon dayoksaid da ɗan gishiri. Garin kuwa yana nan bai ƙare ba. Kamar dutsen niƙa ne: hatsi ya shiga ya fita, dutse na nan, rana ce hannun da ke murza shi.

Me ya sa galura ta zama abin damuwa har haka? Domin tun asali an ƙirƙire ta ne don kada ta zuba. Tun daga 1856, da wani matashi ɗan Ingila mai shekara 18, William Perkin, ya haɗa launin farko daga kwaltar gawayin ƙasa, burin masana'antu shi ne launin da sabulu da zufa da rana ba za su kashe ba. Abin da ya gagari sabulu a jikin shadda, zai gagari ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ƙazanta a kogi. Kuma ba duka galurar da aka zuba a tukunya ce ke kama yadi ba. A irin wadda ake rina auduga da ita, kaso mai yawa yana bin ruwan ɗauraya. Idan ruwan ya shiga rafi yakan tare hasken da tsirran cikin ruwa ke buƙata. Mafi muni, fiye da rabin galurar duniya 'yan dangin da ake kira azo ne, wasu daga cikinsu idan suka tsinke sukan saki sinadarai masu jawo sankara. Shi ya sa Jamus a 1994, sannan Tarayyar Turai a 2002, suka hana amfani da irin waɗannan a tufafin da ke taɓa fata.

Mu a nan ba baƙi ba ne a harkar rini. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, da baba da toka yake aiki, abubuwan da ƙasa ta san yadda za ta narkar. Amma tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, kasuwar baba ta fara ja da baya a duniya. Yau yawancin masu rinin shadda a lunguna da galura da soda suke aiki, ruwan kuma kwata yake bi. Ga na masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ga na majemu, alhali a gefen rafukan da ruwan nan ke shiga ne manoman rani suke ban ruwan latas da kabeji. To ga rana Allah ya hore mana kyauta, ga gari mai araha da ake sakawa har a man goge baki. Me ya hana?

Abu na farko da ya hana shi ne ranar kanta. Titaniyam dayoksaid ba ya amsa kiran kowane haske sai na altirabayolet, wanda ido ba ya gani, wanda kuma bai fi kashi 5 cikin 100 na hasken da ke iso ƙasa ba. Sauran duk asara ne. Na biyu, yawancin elektiron ɗin da aka tunkuɗa sukan koma gurbinsu nan take ba tare da sun yi aikin komai ba. Kusan duk binciken shekarun nan a kan waɗannan matsaloli biyu ya ta'allaƙa. A 2001 masu bincike a cibiyar Toyota ta Japan suka nuna cewa idan aka sirka garin da naitirojin yakan ɗan amsa hasken da ido ke gani. A 2009 wata tawaga a cibiyar Max Planck ta Jamus ta fito da wani gari rawaya na kabon da naitirojin wanda babu ƙarfe a cikinsa, kuma daga baya aka gano ana iya samunsa ta hanyar gasa yuriya, wannan dai ta taki. Ana gwada zinki oksaid, sai dai shi haske yana cin jikinsa a hankali. Ana kuma haɗa gari biyu wuri guda domin elektiron ya tsallaka ɗaya ya kasa komawa gida.

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara da labaran da ke cewa an gano garin da ke kawar da kashi casa'in da wani abu na galura cikin sa'a guda. Galibi ga yadda ake gwajin: a samu ruwa tsarkakakke a ƙaramin kofin gilas, a ɗiga masa ɗan launi guda, yawanci wani shuɗi da ake kira metilin bulu, a zuba gari, a kunna fitila, a auna yadda launin ke dusashewa. Dusashewar launi ba ita ce tsarkin ruwa ba. Da zarar an tsinke mahaɗa guda a jikin ƙwayar galura launi ya tafi, amma gutsattsarin suna nan, kuma a dangin azo gutsuren na iya fin uwar guba. Wani lokaci ma garin bai rusa komai ba, launin ne kawai ya manne masa a jiki. Wani lokaci kuma galurar ce da kanta ta sha hasken ta miƙa wa garin elektiron, sai a yaba wa garin da aikin da ba zai iya yi wa gurɓataccen abu marar launi ba. Masana da dama a fannin sun daɗe suna wannan ƙorafi, amma gwajin kofi yana da sauƙi da araha, takardar bincike kuma tana fita da wuri.

Ruwan masana'anta na gaskiya wani abu ne daban. Baƙi ne ƙirin, haske ba ya ratsa shi sosai. Cike yake da gishiri da soda, su kuma suna shanye haidiroksil kafin ya kai ga galura. Bayan an gama kuma sai an tace garin daga ruwan, aiki mai wuya saboda laushinsa. Idan aka manna shi a jikin gilas ko tayil don gudun tacewa, ƙarfinsa ya ragu. A hamadar Tabernas da ke Almeriya a Sifaniya an shafe shekaru ana gwada wannan fasaha da bututun gilas da madubai a ƙarƙashin rana ta gaske, abin da aka koya shi ne ta fi dacewa da zama mataki guda a cikin jerin matakai, ba ita kaɗai ba. Inda ta yi kasuwa sosai shi ne gilashin taga mai wanke kansa, wanda kamfanin Pilkington ya fitar a 2001, don ƙurar taga siririya ce.

Abin da ya faru a Tiruppur, garin saƙa na kudancin Indiya, ya isa ishara. A 2011 babbar kotun Madras ta ba da umarnin rufe marinai sama da 700 saboda gurɓata kogin Noyyal. Da suka tashi komawa aiki, ba wannan fasaha ce ta cece su ba. Na'urorin tacewa da na ƙafar da ruwa suka saya da tsada, don doka ta tilasta musu.

Ra'ayina shi ne fasahar tana da gurbi a ƙasa mai rana irin tamu, musamman ga ƙananan marina, a matsayin wankin ƙarshe bayan an bar ruwa ya kwanta an tace shi. Amma kada hukumomin kare muhalli irin su NESREA su jira ta kafin su matsa wa masana'antu su yi abin da aka riga aka san yana aiki. Ɗalibanmu na kimiyyar sinadarai kuma, da malaman da ke duba su, su ɗauki jarka su je bakin kwatar marina su ɗebo ruwan gaske, su gwada garinsu a rana maimakon fitila, su auna yawan kabon ɗin da ya rage, sannan su gaya mana ko kifi zai rayu a ciki da kuma nawa za a kashe a kan kowace durom.