Katanga mai kunne: abin da masu gini a gida za su koya daga Vaulx-en-Velin

Duk wanda ya yi shekaru a Faransa yana tura kuɗin bulo gida ya san yadda lissafin yake. Tun kafin a kafa harsashin ɗaki, sai an zagaye filin da katanga. Idan ta tashi, magini ya jera mata fasassun kwalabe, ko a naɗa waya mai ƙaya, sannan a nemo maigadi a ba shi ɗaki a bakin ƙofa. Mai gidan yana Liyon ko Faris, sai shekara biyu ta zagayo yake leƙowa. Duk da haka wata rana da asuba sai saƙon murya ya shigo: "Yaya, sai haƙuri, an haura." An zare wayoyin wuta, an kwance injin rijiyar burtsatse, an tafi da batiran sola, maigadi kuma bai ji komai ba.

Shi ya sa yanzu idan 'yan uwa suka haɗu wajen suna ko bayan Juma'a, hirar gini ba ta ƙarewa sai an taɓo maganar waya mai wuta, da kyamara, da ƙararrawa. Wasu sun saka sun ji daɗi, wasu sun yi asarar kuɗinsu. Abin da ya raba su shi ne sanin aikin da kowace na'ura take yi, da wanda ba za ta iya ba.

Masana'antar da ke bayan gari

Vaulx-en-Velin gari ne da ke kusa da Liyon ta gabas, mai mutum sama da 50,000, kuma da yawansu 'ya'ya ne da jikokin baƙi daga Afirka. Mutanen Faransa sun fi saninsa da tarzomar unguwar Mas du Taureau ta watan Oktoban 1990. Amma a yankin masana'antun garin akwai kamfanin SORHEA, wanda aka kafa a 1987, kuma sana'arsa ita ce ƙera na'urorin da ke gano mai ƙoƙarin ƙetare shinge tun bai kai ga gini ba. Irin waɗannan kayan ake kafawa a filayen jirgin sama, da tashoshin lantarki, da gidajen yari, da manyan ɗakunan ajiyar kaya. Akwai wasu kamfanonin masu wannan aiki a Turai da Amurka da Afirka ta Kudu, kuma dabarun duk kusan iri ɗaya ne.

Ta farko ita ce shingen haske. Ana kafa ginshiƙai biyu suna fuskantar juna, tazararsu kan kai mita 100. Ɗaya yana harba hasken infirared, irin wanda rimot ɗin talabijin ke aiki da shi, ido ba ya ganinsa. Ɗayan yana karɓa. Layukan hasken suna jere daga ƙasa zuwa sama kamar igiyoyin shanya. Da mutum ya gitta ya tare su, sai saƙo ya tafi ɗakin masu gadi. Ana iya saita na'urar ta ƙi yin ƙara sai an tare layi biyu ko uku a lokaci guda, don kada tsuntsu ko leda su tayar da mutane. Cikin kayan SORHEA akwai wani mai suna Solaris, wanda ke aiki da hasken rana da batir, yana aika saƙonsa ta rediyo, ba sai an haƙa ramin waya ba.

Ta biyu ita ce wayar jin motsi, wadda ake ɗaurawa a jikin shingen ƙarfe. Tana ɗauke da ƙananan na'urori masu auna girgiza, daga cikin dangin wadda ke juya hoto a wayar hannu idan ka karkata ta. Idan ana yanka shingen, ko ana hawansa, ko ana ɗaga shi, girgizar ta bambanta da ta iska, kuma na'urar tana nuna ɓangaren da aka taɓa. Ta kamfanin Vaulx-en-Velin sunanta G-Fence. Akwai kuma wayar da ake binnewa a ƙasa, da kyamarar da ke ganin zafin jiki cikin duhu.

Waɗannan duka kunne ne da ido. Ba sa kama kowa, ba sa dukan kowa.

Waya mai wuta: a kula da rai

Wadda aka fi gani a kan katangun Nasarawa a Kano, da Abuja, da Yamai, ita ce waya mai wuta. Ita tana aiki biyu: tana tsoratarwa, kuma idan an yanke ta ko an haɗa ta da ƙarfe tana kunna jiniya. Ta gaskiya tana da akwati na musamman da ke sakin wuta mai ƙarfin dubban bolt, amma a ɗan ƙiftawar da bai kai ƙyaftawar ido ba, kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Wannan tazarar ce ke ba wanda ya taɓa damar fizge hannunsa. Ya ji a jikinsa, amma ba a yi ta don kisa ba. Akwai ƙa'idar duniya a kan haka, mai lamba IEC 60335-2-76, kuma ya kamata mai saye ya nemi ganinta a jikin akwatin.

To, inda hatsarin yake shi ne idan wani mai gyaran wuta ya ce maka, "Alhaji, bar wannan akwatin mai tsada, zan haɗa maka kai tsaye da wutar gida." Wallahi kada ka yarda. Wutar gida mai bolt 220 ba ta saki, riƙe mutum take yi. Kuma wanda ya fi hawa katanga da rana ba ɓarawo ba ne: yaron maƙwabta ne da ƙwallonsa ta faɗa, ko almajirin da ya hango mangwaro. Alhakin wannan rai yana kan wanda ya biya kuɗin aikin, ko da yana zaune a Liyon. A nan Faransa ma, sashe na 122-5 na kundin hukunta laifuka ya yarda mutum ya kare dukiyarsa, amma da sharaɗin kada abin da ya yi ya wuce girman laifin, kuma ya fitar da kisan ganganci daga ciki.

Darasin Louvre

Ranar Lahadi 19 ga Oktoban 2025, da misalin ƙarfe 9:30 na safe, mutum huɗu suka iso gidan tarihi na Louvre a Faris da mota mai tsanin ɗaga kaya. Biyu suka hau baranda, suka yanka taga, suka fasa akwatunan gilashi, suka kwashe kayan ado guda 8 na gidan sarautar Faransa, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu yuro miliyan 88. Duka abin bai wuce minti 8 ba. Ƙararrawar cikin gida ta yi ƙara. Amma da shugabar gidan a lokacin, Laurence des Cars, ta bayyana gaban Majalisar Dattawa bayan kwana uku, ta amsa cewa ba a hango isowar ɓarayin da wuri ba, domin kyamarorin waje ba su wadatar ba, kuma wadda ke wannan ɓangaren ba ta kallon barandar.

Masu wannan sana'a suna da lissafi mai sauƙi: a gano, a jinkirta, a kai ɗauki. Idan ɓarawo yana buƙatar minti 5 ya gama, masu ɗauki kuma sai sun yi minti 20 a hanya, to ƙarar jiniya ba ta hana komai. Amfanin na'urar da ke kan shinge shi ne ta fara ƙirga lokacin tun mutum yana waje.

Kakanninmu sun san da haka. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, ba ita kaɗai aka bari ba; kowace ƙofa da sarkinta, yana rufewa da dare, yana lura da mai shiga da mai fita. Haka kuma abin da ya faru a makarantar Ƙanƙara ranar 11 ga Disambar 2020, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300, da na Jangebe a Fabrairun 2021, inda aka tafi da 'yan mata 279, ya nuna iyakar kowace na'ura. Babu wayar da za ta tsayar da gungun 'yan bindiga. Abin da za ta iya shi ne ta ba da 'yan mintoci, kuma mintocin ba su da amfani sai akwai wanda zai zo.

Kafin ka tura kuɗi

Kayan da aka ƙera don yanayin Turai suna haɗuwa da abubuwa uku a ƙasarmu. Na farko wuta. Ɓarawo ya fi kowa sanin lokacin da aka ɗauke ta, kuma mutanen Nijar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke musu layi. Na'urar da ba ta da batir da allon sola nata na kanta ado ce kawai. Zafin Afrilu da Mayu kuma yana cin batir da wuri, don haka a ajiye shi a inuwa, a riƙa duba shi.

Na biyu ƙura. Hazon hunturu yana raunana hasken infirared, yana kuma lulluɓe gilashin na'urar. Masu kyau suna bambance raunin da ke zuwa a hankali da yankewar farat ɗaya, amma duk da haka sai an riƙa gogewa. Da damina kuma tsawa tana ƙona akwati idan ba a kafa masa ƙarfen ƙasa yadda ya dace ba.

Na uku ƙarar banza. Kyanwa, da akuya, da reshen darbejiya, da ciyawar da ta tsiro ta taɓa waya, duk suna tayar da jiniya. Bayan dare uku na haka, maigadi zai kashe ta ya kwanta, kuma ba zai gaya maka ba. A Faransa doka ta san wannan matsalar: kamfanin da ke lura da ƙararrawa daga nesa dole ya tabbatar akwai dalili kafin ya kira 'yan sanda, in ba haka ba ana iya cin sa tarar da ta kai yuro 450 a kan kowane kira. Masu shago ko gida a nan su kuma tuna ƙa'idar hukumar CNIL: kyamararka cikin harabarka za ta kalla, ban da titi da ƙofar maƙwabci.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Ranar 16 ga Disambar 2022 gobara ta tashi cikin dare a wani bene na Mas du Taureau, mutum 10 suka rasu, har da yara. Mutanen Vaulx-en-Velin sun ga yadda hanyar fita take zama komai idan hayaƙi ya cika gini. Gidajenmu na can, kowace taga da ƙarfe, ƙofa ɗaya da kwado uku, katanga da wuta. A bar taga ɗaya mai ƙarfen da ake buɗewa daga ciki, kuma kowane babba a gidan ya san inda ake kashe wutar katanga.

Saura tambayoyin da za a yi wa mai kafawa: awa nawa batirin zai kai idan babu wuta? Idan ta lalace, wa zai gyara, kuma ana samun kayan gyaran a Sabon Gari ko a kasuwar Maradi? Idan ta yi ƙara ƙarfe 3 na dare, wayar wa za ta buga? Idan amsar ita ce wayarka a Liyon, to da sauran aiki. A saka lambar maƙwabci, da ta 'yan sintirin unguwa, da ta ofishin 'yan sanda ko jandarma mafi kusa, kuma a yi magana da su tukuna. Sannan a riƙa biyan maigadi haƙƙinsa a kan lokaci, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma shi ne ke riƙe da makunnin.