Ko Kun Sani?

Sistik faiburosis cutar gado ce da ta fi yawa a tsakanin Turawa. Majina mai kauri kan toshe huhu da fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci. Shi ya sa yawancin masu cutar sai sun haɗiyi kafso mai maye gurbin wannan ruwan duk lokacin cin abinci, kuma daga fankiriyas ɗin alade ake sarrafa shi. Abin mamaki, bincike a Turai ya gano kafson kansa na ɗauke da seleniyam, ma'adinin da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, wanda sau da yawa yake ƙaranci a jinin waɗannan majinyata.