Aikin Rage Tumbi da Ciwon Sukari

A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasar Hausa, an saba ɗaukar ƙiba alamar wadata. Amma ƙiba idan ta wuce kima takan hana jiki amfani da insulin, watau abin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. Daga nan ciwon sukari irin na manya yakan kama mutum.

Akwai aikin da likitoci ke yi wa masu irin wannan ƙiba. Wani sa'i a yanke yawancin tumbi, a bar kamar kashi ɗaya cikin biyar. Wani sa'i kuwa a ware ɗan aljihu a saman tumbin, a haɗa shi da hanji can gaba. Abin mamaki, sau da yawa sukarin jini yakan sauka cikin 'yan kwanaki, tun ƙibar ba ta zube ba. Dalili kuwa, ban da ƙarancin ci, abinci na isa ƙarshen hanji da wuri, hanjin kuma ya fid da sinadarin da ke zuga jiki ya ƙara insulin.

A 1995 likita Walter Pories na Amurka ya ba da labarin cewa fiye da 80 cikin 100 na masu sukarin da ya yi wa aikin, jininsu ya daidaita. An sake jarrabawa a Cleveland da mutum 150. Bayan shekara 5, a 2017, aka ga 29 cikin 100 na waɗanda aka karkata wa hanji sukarinsu na daidai, na masu magani kaɗai kuwa 5 ne kurum.

Amma fa ciwon yakan komo wa waɗansu bayan shekaru. Wanda aka yi wa aikin ba zai ƙara cin tuwo ya cika ciki ba, kuma lalle ya riƙa shan maganin ƙarin jini da bitamin muddin ransa. Ba a yi wa ramamme, ba ya kuma warkar da sukarin da ke kama yara.

Aiki ne na babban asibiti mai ƙwararru. Mutumin Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar da ke fama da ƙishirwa da yawan fitsari, ya fara zuwa Babban Asibitin Gumel a auna jininsa da nauyinsa. Likita ne zai faɗi ko ya kamata a tura shi gaba.