Kada Kuɗin Sallama Ya Ƙare a Hannun Dillalai

Iyayenmu 'yan fansho, don Allah ku saurara. Da zarar an ji kuɗin sallama ya faɗo asusun wani dattijo, sai dillalai su yi masa caa da hotuna a waya: wai rukunin gidajen 'yan fansho ne a bayan gari, a ba da rabi yau, a karɓi makulli kafin damina. Wasu gidajen nan a takarda kawai suke. Wasu kuma fili ɗaya ne aka sayar wa mutum uku.

Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamnan jiha ne. Rasit ɗin kamfani ko sa hannun mai unguwa ba ya zama shaidar mallaka. Kafin ku saki ko kwabo, ku je ofishin filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a duba lambar filin a gabanku. Dillalin da ya hana ku zuwa, ko ya ce ranar Juma'a za a rufe cinikin, ya riga ya faɗa muku ko shi wane ne.

Akwai kuma ƙaryar da ta fi ɓata mini rai. A 2022 hukumar fansho ta PenCom ta amince ma'aikaci ya ciri kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonsa ya zuba a matsayin kason farko na bashin gida. Wannan dama ta wanda ke bakin aiki ce, wanda ya riga ya yi ritaya ba ya ciki. Duk wanda ya ce zai "fito muku da shi" idan kun ba shi na goro, damfara ce.

Ko takardun sun inganta, Baba, ka je da ƙafarka, kuma da damina. Shin ruwa na kwanciya? Nisan asibiti fa, idan hawan jini ya tashi da tsakar dare? Gwiwar mai shekara saba'in ba ta son bene, kuma gidan da babu masallaci kusa, babu maƙwabcin da zai leƙo, kaɗaici ne aka saya da kuɗi.

Haka kuma, wanda aka riƙa cire wa kashi 2.5 na albashi don asusun gidaje na NHF, kuɗinsa na nan a bankin FMBN. Ya nema ta ofishin da ya yi wa aiki, ba ta hannun ɗan tsakiya ba.